Sadaka da sunan 'yata: ta ina zan fara taimaka wa yaran riƙo a Amurka?

Tambaya: Muna zaune a jihar Ohayo. 'Yata ta rasu bara tana da shekara tara. Ni da matan masallacinmu muna son yin wani abu da sunanta domin yaran da hukuma ke karɓewa daga iyayensu ta kai gidajen riƙo. Shin gidauniya za mu buɗe?

Amsa: Allah Ya jiƙanta, Ya sa mai ceto ce, Ya ba ku haƙuri.

Hajiya, kada ku fara da gidauniya. Rajistar ƙungiyar agaji a Amurka tana zuwa da kwamitin amintattu da rahoton kuɗi duk shekara, ga ki cikin jimami. Ku fara da waya ɗaya zuwa ofishin kula da yara na gundumarku, domin a Ohayo gunduma ce ke riƙe da wannan aiki. Ku tambaye su abin da ya fi ƙaranci a ɗakin ajiyarsu.

Ki sani, galibin yaran nan ba marayu ba ne. A 2022 wajen yara 370,000 ne ke hannun riƙo a faɗin ƙasar, kuma babban dalilin karɓe su shi ne sakaci, sau da yawa tare da shaye-shaye a gidan. Kusan rabin masu fita daga tsarin wurin iyayensu suke komawa.

Inda taimakonku zai fi tasiri shi ne daren farko. Ana ɗauko yaro ne cikin gaggawa, wani lokaci daga makaranta, wani lokaci tsakar dare, a tura 'yan kayansa cikin ledar shara. Abin da ya sa Rob Scheer, wanda shi ma a hannun riƙo ya taso, ya kafa ƙungiyar Comfort Cases a jihar Merilan a 2013 ke nan: tana ba yaran jakar goyo mai ɗauke da kayan barci, bargo, buroshi da littafi. Ku kwaikwayi wannan. Komai ya zama sabo. Yaron da aka raba da gida ba ya buƙatar kwance. Jama'a sun fi sayen kayan jarirai saboda suna ban sha'awa, sai a manta da 'yan shekara 13 zuwa 17. Ku cike wannan giɓin: kamfai manya, audugar mata, turaren hammata, da man kitso da matajin da suka dace da gashin baƙar fata, wanda yawancin masu bayarwa ba sa tunawa da shi. Ku ware jakunkuna kaɗan da hijabi da dardumar salla, ku bar wa jami'ai su ba wanda ya dace.

Sunan marigayiya kuwa, ku sa shi a takardar neman gudummawa da taron haɗa kayan duk shekara. A kan jakar, ni dai ban so. Ta yaron ce, bai kamata ya ɗauki makokin wani a bayansa ba. Kuma ba za a bari ku ga yaran ko ku ɗauki hotonsu ba, dokar sirri ta hana.

Idan cikinku akwai mai lokaci, shirin CASA, wanda alƙali David Soukup ya fara a Siyatil a 1977, yana horar da 'yan sa-kai su riƙa bibiyar shari'ar yaro suna faɗa wa kotu abin da ya fi masa. Gidajen riƙo na Musulmi ma sun yi ƙaranci ƙwarai, ofishin gundumar kuma shi zai nuna muku hanyar samun lasisi.