Tsohon Gini a Tsakiyar Kaduna: Za a Iya Ɗora Masa Bene Don Kada Kamfani Ya Koma Abuja?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya, Allah ya ƙara basira. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana gini mai hawa biyu a tsakiyar gari, kusa da titin Ahmadu Bello, wanda aka gina tun kafin samun 'yancin kai, kuma ya fi shekara 10 a rufe. Wani kamfani da 'ya'yan Kaduna da yawa ke cin abinci a cikinsa ya ce wurin da yake ya yi masa kaɗan, idan bai sami babban ofis a cikin gari ba zai tattara ya koma Abuja. Sun ga ginin namu sun yaba, amma suna so a ƙara hawa ɗaya, a fasa bangwayen ciki, a kammala cikin wata 6. Ɗan kwangilar da muka kawo ya ce ginin Turawa ne, ko hawa uku aka ɗora masa zai ɗauka, tsagar da ke jikin ginshiƙai kuma filasta ce kawai ta tsufa. Hankalina bai kwanta ba, ga shi ƙannena biyu a kamfanin suke aiki. Ina tsoron mu ƙi su tafi, ina kuma tsoron mu yarda a sami matsala. Mece ce shawararka?

Daga wani mai karatu, Unguwar Rimi, Kaduna.

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Allah ya jiƙan mahaifinku, ya sa albarka a abin da ya bari. Niyyarku mai kyau ce, kuma ba sai an yi wa mutumin Kaduna dogon bayani a kan abin da tashin babban kamfani ke jawowa ba, domin duk wanda ya san Kakuri lokacin da masaƙar KTL, wadda aka buɗe a 1957, take aiki, ya kuma ga unguwar bayan an rufe ta a 2002, sannan masaƙar UNTL ta bi sahu a 2007, ya ga yadda mai abinci da mai gidan haya da ɗan acaɓa suke shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi tare da ma'aikatan. Gyaran tsohon gini kuma abu ne mai yiwuwa, sau da yawa ma ya fi rushewa a sake sabo sauri da rahusa. To amma maganar da ɗan kwangilarku ya yi ita ce ta tsaya mini a rai, kuma a kanta zan daɗe, saboda kusan kowane mako sai na ji ta daga bakin wani.

"Ginin Turawa ne, ba ya faɗuwa." Wannan magana ta samo asali daga abin da ido ke gani: mutum ya dubi Lugard Hall, inda majalisar dokokin jiha take zama har yau, sai ya yanke hukunci cewa duk abin da aka gina a wancan zamani dutse ne. Abin da ya manta shi ne, gine-ginen da suka rage daga lokacin da aka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917 su ne waɗanda aka fi ginawa da kyau, aka kuma ci gaba da zama a cikinsu ana gyara rufinsu. Raunanan cikinsu sun daɗe da zubewa ko an share su, shi ya sa ba ma ganinsu balle mu sa su cikin lissafi. Ginin da ake shiga ana fita kullum, idan kwano ya fara yoyo akwai mai gani ya yi magana. Naku kuwa ya sha damina 10 babu kowa a ciki, kuma ka san yadda ruwan Agusta yake a garin nan. Ganye da ƙasa sun toshe indararo, ruwa ya kwanta a saman dakin, wato shimfiɗar kankaren da aka zuba a saman gini, yana tsatsafowa a hankali, gara ta sami katakon rufi, wataƙila ma wata bishiya ta tsiro a jikin bango saiwarta tana tura bulo.

Sai batun tsagar ginshiƙai da aka ce maka filasta ce. Kankare sabo yana kare rodin da ke cikinsa daga tsatsa, amma da shekaru suka ja, iskar da muke shaƙa tana ratsa shi daga waje zuwa ciki tana cinye wannan kariya, har ta iske rodi. Idan aka sami danshi a wannan lokaci rodi zai fara tsatsa, tsatsa kuma tana kumbura ta ninka girman ƙarfen da ta ci, sai ta tura kankaren da ke rufe da ita ya tsage. Saboda haka tsagar da ta miƙe daga sama zuwa ƙasa a jikin ginshiƙi, musamman kusa da kusurwa, tana bin layin rodi, alama ce da ba a wasa da ita, balle idan akwai jan tabo a bakinta, ko kuma ka ƙwanƙwasa wurin ka ji ƙarar rami. Mai filasta zai shafe ta cikin awa ɗaya, mai fenti ya bi bayansa, kowa ya ce gini ya koma sabo, alhali tsatsar tana ci gaba da aikinta a ƙarƙashi, an dai rufe wa mai kallo ido ne kawai.

Ko da a ce babu tsatsa ko kaɗan, ƙarfin gini ba yabo ba ne da ake yi masa da baki, lissafi ne da wani injiniya ya zauna ya yi fiye da shekara 60 da suka wuce, don wani nauyi da aka faɗa masa. An ce masa hawa biyu, sai ya fitar da faɗin harsashi da kaurin ginshiƙi na hawa biyu. Rodin wancan lokaci yawanci mai santsi ne, ƙarfinsa wajen 250 a ma'aunin da muke amfani da shi, alhali mai gargada na yanzu yana kai 410 zuwa 460. Haka nan nauyin da ake lissafa wa daɓe ya danganta da abin da za a yi a kansa: ɗakin kwana ana ba shi kimanin kilo 150 a kowace murabba'in mita, ofis kimanin 250, ɗakin ajiye fayil kuwa 500. Ƙara da abin da ofishin zamani ke zuwa da shi wanda mai zanen farko bai taɓa mafarkinsa ba, wato na'urorin sanyaya ɗaki, da baturan sola, da tankunan ruwa a saman gini, inda kowace lita 1,000 tan guda ce cif. A kan duk wannan ne ake so a ɗora sabon hawa da bulonsa da dakinsa da mutanensa. Da wane lissafi ɗan kwangilar ya ce zai ɗauka? Ka tambaye shi ya nuna maka a takarda, da sa hannu da hatimi, za ka ga yadda zai sauya zance.

Fasa bangwayen ciki ma ya fi ɗora benen tayar mini da hankali. A gine-ginen yanzu ginshiƙai da bim, wato kankaren da ke kwance a kan ginshiƙai, su ne ke ɗauke da nauyi, bango cike gurbi kawai yake yi, shi ya sa birkiloli suka saba da rushe shi ba tare da tunani ba. A yawancin tsofaffin gine-gine kuwa bangon ne da kansa yake ɗauke da hawan da ke samansa. Na taɓa zuwa wani aiki na tarar an riga an fasa rabin irin wannan bango don a faɗaɗa zaure, dakin sama har ya fara lanƙwasa, leburori na zaune a ƙarƙashinsa suna cin abincin rana, shi kuwa mai kula da aikin yana ba ni labarin shekarunsa 30 a sana'a. Shekara 30 ana hawa gini ba ta sa mutum ya ga cikin kankare. Wanda ya zagaya gini hannu a aljihu, ya buga bango da makullin mota ya ce "wannan lafiya lau", bai duba komai ba, kuma ranar da abu ya faru wayarsa a kashe za ka same ta.

Abin yi shi ne, kafin a taɓa ko da bulo ɗaya, ku ɗauko injiniyan ƙarfin gini mai rajista da COREN, hukumar da ke kula da aikin injiniya a Najeriya, wanda ku ne za ku biya shi kai tsaye, ba ta hannun ɗan kwangila ba, don kada ya zama mai neman aiki shi ne mai duba kansa. Zai huda kankare ya ciro samfuri daga ginshiƙai da daki a kai ɗakin gwaji a murƙushe a ga ainihin ƙarfinsa, zai yi amfani da na'ura ya gano yawan rodi da kaurinsa da zurfinsa, zai haƙa rami a gefen harsashi ya ga faɗinsa da irin ƙasar da yake zaune a kai, ya sa a gwada ƙasar, sannan ya manna alama a kan manyan tsagu ya ga ko suna ci gaba da buɗewa. Ku kuma bincika takardun marigayi, domin idan aka dace da zanen ginin na asali an rage rabin wahala. Wannan bincike makonni yake ɗauka, kuma kuɗinsa ɗan kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin gyaran gaba ɗaya.

Rahotonsa ne zai faɗi abin da zai yiwu. Wani lokaci ana sassaƙe ruɓaɓɓen wuri, a wanke rodi, a yi wa ginshiƙai riga ta sabon rodi da kankare, a faɗaɗa harsashi. Wani lokaci ƙarin hawan ana yin sa da ƙarfe da rufi mara nauyi maimakon bulo da daki. Abin da na fi so ni kaina, idan akwai fili a bayan ginin kamar yadda yawancin filayen wancan zamani suke da shi, shi ne a bar tsohon a hawansa biyu a gyara shi da kyau, a tayar da sabon sashe a baya mai harsashinsa daban, a haɗa su da baranda. Kamfani ya sami faɗin da yake nema, fuskar ginin da mutanen gari suka sani kuma ta tsira, maimakon a lulluɓe ta da gilashi da falankin alminiyam kamar yadda ake yayi yanzu.

Sauran abubuwan a taƙaice: a cire tsohon wayarin gaba ɗaya a sake sabo, idan silin ko rufin na asbesto ne kada a bari yara su farfasa shi da guduma, domin ƙurarsa tana illata huhu, a jiƙa shi a sauke shi a hankali, kuma ginin da zai ɗauki ma'aikata masu yawa ba ya wadatuwa da matakala ɗaya, dole a sami ta biyu saboda gobara.

Takardu kuwa ku fara su yau. Tun da gado ne, duk magada su sa hannu a rubuce kafin a ƙulla komai da kamfanin, a tabbatar da takardar mallaka a KADGIS, hukumar filaye ta jiha, a kai zanen da mai zanen gini mai rajista da injiniya suka sa wa hannu zuwa KASUPDA, hukumar tsara birane ta jiha, don izinin gyara da ƙarin gini. Za ku haɗu da masu cewa a ba su wani abu su "san yadda za a yi" a fara aiki kafin izini ya fito. Ku guje su, domin babban kamfani da lauyoyinsa da masu inshorarsa ba za su shiga ginin da ba shi da takarda ba, kuma kuɗin da kuka ba ɗan tsakiya ya tafi ke nan.

Alhaji, ka ce ƙannenka biyu a can suke aiki, to ka riƙa tuna cewa su ne za su zauna a ƙarƙashin wannan daki daga safe zuwa la'asar, tare da 'ya'yan wasu da ba su san komai a kan yarjejeniyarku ba. Rayukansu amana ce a wuyan mai gini, kuma ba a ce wa mutum ya dogara ga Allah ya bar raƙuminsa a sake ba. Ku koma wa kamfanin da gaskiya: ku ce ku ba mu makonni kaɗan mu kawo rahoton injiniya, sannan a tsara aikin kashi-kashi, a fara miƙa musu hawan ƙasa su shiga da wani sashe na ma'aikatansu yayin da ake ƙarasa sauran, a kuma rubuta yarjejeniyar haya mai tsawo da za ta ba ku damar neman kuɗin aikin. Wata 6 zai iya isa gyaran hawa biyun da ke nan idan binciken ya fito da kyau, amma ba zai isa ƙarin bene ba, tun da kowane zubin kankare sai ya yi kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa. Kafin nan, abin da za ku iya yi a wannan makon ba tare da jiran kowa ba shi ne ku sa a share indararo da saman dakin, a toshe inda kwano ke yoyo, kada wata daminar ta sake samun ginin a buɗe.