Kada Inna ta haɗa maganin Kano da na Maraɗi sai an duba ƙaramin suna

Assalamu alaikum 'yar'uwa, Allah ya ba Inna lafiya. Kin ce lokotoro ya rubuta mata maganin hawan jini nan Maraɗi, yayanki kuma ya aiko da wani daga Kano, kina tambaya ko ta riƙa shan duka biyun. Don Allah ki dakata tukuna. Abin nan ya kusa kayar mana da Baba.

Shekararsa shida yana shan Amlor, maganin hawan jini, ƙwaya ɗaya kowace safiya. Da ƙanena ya zo daga Katsina ta Jibiya, sai ya kawo masa wani kwali fari, ya ce wannan ya fi sauƙin kuɗi. Baba ya ɗauka ƙarin magani ne, ya riƙa haɗawa. Cikin sati biyu ƙafafunsa suka kumbura har takalminsa na zuwa masallaci ya ƙi shiga, in ya miƙe daga sujada sai jiri ya kwashe shi ya dafa bango. Mu muna ta cewa tsufa ne. Sai da na tattara duk magungunan ɗakinsa a leda guda na juye gaban lokotoro, ya nuna mini da bakin biro: ƙarƙashin babban suna akwai ƙaramin rubutu, amlodipine, a kan kwalayen biyu. Miligiram 10 ita ce iyaka a yini, Baba kuwa 20 yake sha.

Mu nan Nijar sunayen Faransa muka saba da su, su can Najeriya nasu daban. Doliprane da Panadol duk farasitamol ne. Glucophage na masu ciwon suga shi ne metformin. Tsohon da ke da 'ya'ya ɓangarorin iyaka biyu, kowa na aiko masa don ƙauna, shi ya fi shiga wannan haɗari.

A ledar nan ma aka tarar da diclofenac da yake saye wurin masu talla a tire saboda ciwon gwiwa. Wannan yana ƙara hawan jini, yana cin ƙoda, kuma ba wanda ya taɓa faɗa mana.

Ki kwashe komai nata, har da jiƙe-jiƙen gargajiya, ki kai likita ko farmasi a duba. Kada kuma ta bar na lokotoro don ta ji sauƙi. Ni yanzu hoton kwalin Baba nake aika wa ƙanena ta WhatsApp kafin ya sayi komai.