Amsa ga mai tambayar forEach da ke cewa kowa ya ci

Wallahi ɗan'uwa, ina karanta tambayarka gabana ya faɗi, don ramin da ka faɗa na taɓa kwana a cikinsa. Ka ce kana duba jerin maki a JavaScript da forEach, mai bin abubuwan jeri ɗaya bayan ɗaya, ka sa return false idan maki bai kai 40 ba, amma kullum true kake samu. Wannan return ɗin daga ƙaramin fankshin na ciki kawai yake fita, forEach ba ya tsayawa, zagayensa yake ci gaba da yi. Rabu da shi, ka rubuta maki.every(m => m >= 40). Yana cin karo da makin farko da ya gaza zai tsaya ya ba ka false. In kuwa so kake ka san ko akwai ko guda ɗaya da ya faɗi, some ne maganinka.

Sai dai ka yi hattara, every ɗin nan shi ya kai ni ya baro. Ka ba shi jerin da babu komai a ciki, true zai ce maka. Na yi wa wata makaranta manhajar sakamako, malami bai shigar da makin yara uku ba, manhaja ta buga musu sun ci. Ranar raba kati shugaban makarantar ya kira ni gaban iyaye, yana kaɗa katin a fuskata, wai na zubar musu da mutunci. Malamin nan yana jingine da taga, alli a hannunsa, bai ce uffan ba. Ko kallona bai yi ba. Na kwana gaban kwamfuta idona jajur kafin na gano wurin, kuma har yau ba su cika min kuɗina ba. Abin na ci min rai duk sanda na tuna. Don Allah kada ka karɓi aikin kowa sai da yarjejeniya a rubuce.

Yanzu maki.length > 0 nake fara dubawa kafin every. Masu Python ma ku ji, all([]) True yake bayarwa.

Af, in daga fom makin ke zuwa, rubutu ne ba lamba ba, kuma in duka ɓangarorin biyu rubutu ne, "9" > "40" sai ya ce maka true. Ka bi da su ta Number tukuna, ya mai da su lamba. In ya ƙi, turo kod ɗin nan mu duba tare.