Kaset ko CD, wanne ya fi riƙe murya yadda take?

Malam, ka tambaya ko kaset ya fi CD riƙe sauti yadda aka ɗauke shi. Wajen daidaito dai, CD ne a gaba. Yana auna sauti sau 44,100 a daƙiƙa ɗaya, abin da ya ishe shi kama duk abin da kunnen ɗan Adam ke ji. Kaset kuwa akwai shuu ɗin nan a ƙarƙashi, in bel ɗin da ke juya kaset a cikin rediyo ya saki murya ta dinga rawa, kuma kowane kwafi sai ya fi na baya dusashewa. Ni ma ina son ɗumin muryar kaset, da shi na tashi, amma na'ura ce ke ƙara shi. Kada dai ka kwatanta CD da saƙon muryar WhatsApp, shi matse shi ake yi a zubar da wani ɓangare.