Muryata ta dishe, allurar kemis ce kaɗai ke buɗe ta

TAMBAYA: Likita, barka da aiki. Ni ce nake jan waƙa a ƙungiyar mawaƙan cocinmu da ke Sabon Gari, nan Kano, kuma na fara ɗaukar waƙoƙina na bishara a situdiyo. Burina in daɗe a wannan hidima kamar Baba Panam Percy Paul. Amma wata biyu ke nan muryata a dishe, in na nemi hawa sama sai ta tsinke. Duk Asabar mai kemis yana yi mini allura, ranar Lahadi murya ta buɗe, kafin Talata ta sake rufewa. Gwaggota ta ce beli ne, a kai ni wurin wanzami. Ga Kirsimeti ya matso. Ina tsoron kada muryar ta tafi gaba ɗaya.

AMSA: 'Yar'uwa, tsoron nan naki da dalili. Dishewar da ta kai mako 4 ba a ci gaba da yi mata maganin mura, sai an leƙa an gani da ido. Mai waƙa kuwa bai kamata ma ya jira haka ba. Ke kin ninka wannan wa'adi.

Batun wanzami ki ajiye shi. Beli yana can sama, a ƙarshen ganɗa, tantanin murya kuma yana ƙasa cikin maƙogwaro, daidai zakaran wuya. Yanke beli ba ya taɓa inda ciwon yake, sai dai ya jawo zubar jini, ko cutar tetanus mai sandare jiki, ko ciwon hanta daga askar da aka yi wa wani aiki da ita. Ki gaya wa Gwaggo haka cikin ladabi.

Allurar ce babbar damuwata. Abin da masu kemis ke ɗirka wa mawaƙa da masu wa'azi a irin wannan hali galibi dexamethasone ne, maganin sauke kumburi mai ƙarfi, wani lokaci a haɗa da maganin ciwo diclofenac. Kuma abin da ke riƙe da wannan kasuwa zato ɗaya ne: wai tunda murya ta fito, an warke. Ba a warke ba. Tantanin murya guda biyu ne, na mace tsawonsa bai kai santimita 2 ba. A maganar yau da kullum suna haɗuwa su rabu wajen sau 200 a daƙiƙa ɗaya, in kika haura can ƙololuwa yana iya kaiwa 1,000. Idan suka sha wahala sai su kumbura, murya ta dishe, dole ki sassauta. Allurar tana sauke kumburin na kwana biyu ko uku, amma raunin yana nan. Sai ki hau mumbari ki buɗe wuya iya ƙarfinki a kan nama mai ciwo, ba abin da zai ce miki tsaya. Shi ya sa kowace Talata ta fi ta baya muni.

Abu biyu ne suka fi biyo baya. Na farko kanta: wurin da tantanin biyu suka fi bugun juna ya yi tauri ta kowane ɓangare, kamar tafin hannun mai daka. Sai su kasa rufuwa ruf, iska ta riƙa zurarewa, muryar sama ta fara ɓata. Na biyu ya fi tsanani: ƙaramar jijiyar jini ta fashe a cikin tantanin. Diclofenac, ibuprofen da aspirin duk suna ƙara wannan haɗari domin suna hana jini saurin tsayawa. Alamarsa, ana tsakar waƙa murya ta yanke farat ɗaya. In hakan ta faru, ki yi shiru gaba ɗaya, ki nemi likita cikin kwana ɗaya ko biyu. Irinsa ne ya sa mawaƙiyar Ingila Adele ta soke wasanninta a 2011 har aka yi mata tiyata a Amurka. Wanda ya ci gaba da waƙa a kan jinin yana iya ƙarewa da tsiro ko tabo, tabon tantanin murya kuwa gyaransa da wuya ƙwarai.

Ban ma zo kan illar allurar ga sauran jiki ba: hawan sukari, hawan jini, gyambon ciki, kumburin fuska, farin naman gwari a maƙogwaro wanda shi ma yana dishe murya. Gaskiya ne mu ma likitoci mukan ba mawaƙi dexamethasone, amma sau ɗaya, na 'yan kwanaki, bayan mun duba mun tabbatar babu jini. Mai kemis da me ya duba? Ko fitila bai haska ba. Ya karɓi kuɗinsa, ya saye ki har Asabar mai zuwa. Wannan ba taimako ba ne, zalunci ne.

Kada ki sake karɓar allurar. Amma in har kina haɗiyar ƙwayar irin dexamethasone kullum fiye da mako 3, kada ki yanke ta lokaci ɗaya, likita ne zai rage miki a hankali. Ki je sashen kunne, hanci da maƙogwaro, akwai shi a Asibitin Koyarwa na Aminu Kano, ki tafi da kwalbar allurar ko sunanta a rubuce. Za a fesa miki maganin kashe zafi a hanci, a zura siririyar kyamara, cikin 'yan mintoci a ga komai. In kanta ce, yawanci horon murya ke narkar da ita cikin makonni zuwa watanni, ba wuƙa ba.

Kafin nan, babu waƙa, babu ihu, babu raɗa, domin raɗa ma tana matse maƙogwaro. Ki sha ruwa kamar lita 2 a yini, ki yi suracen ruwan zafi zalla na minti 10 safe da yamma, ki rufe hanci da baki in za ki shiga ƙurar hunturu. Piriton da alewar mentol suna busar da wuya. Ki bar awa 3 tsakanin tuwon dare da kwanciya saboda tsamin ciki da ke tasowa. Zuma da citta kuwa ki sha in kina so, amma hanyar abinci suke bi, ba sa taɓa tantanin.

Baba Panam da kika ambata ya haura shekara 40 yana waƙa, har ya kafa makarantar koyon kiɗa da waƙa a Jos, domin baiwa tana buƙatar horo. Ki nemi mai koya miki numfashi da ɗumama murya na minti 10 kafin kowace waƙa.

Ku kuma fastoci da dattawan ikilisiya, ku ji tsoron Allah a kan yaran nan. Mutum ɗaya ya ja waƙa a kwanan addu'ar Juma'a, ya yi gwaji Asabar, ya yi sujada biyu Lahadi, yana ƙoƙarin rinjayar ganga da janareta da wuyansa! Ku sa wa 'yar'uwar nan lasifikar da za ta riƙa jin kanta, ku rage ƙarar masu kiɗa, ku horar da mutum biyu ko uku da za su karɓe ta. Kirsimetin bana, wata ce za ta ja waƙa.