Ku Tambaya Mu Amsa: Tsofaffin Kekunan Tsere da Bututunsu

Wasiƙun wannan fitowar duk a kan tsofaffin kekunan tsere ne, irin waɗanda ke shigowa cikin kayan gwanjo daga Turai da Japan. Mun taƙaita tambayoyin don amsoshi su sami wuri.

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon keken tsere, a jikin bututun da ke ƙarƙashin sirdi akwai sitika mai lamba 531 da koren rubutu. Mai sayarwa ya tsawwala kuɗi saboda ita. Keken sakayau yake, ko rabin nauyin Raleigh ɗin mahaifina bai kai ba, alhali maganaɗisu yana kama shi. Yaya aka yi ƙarfe ya rasa nauyi haka?
*Mai karatu daga Zariya*

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙarfen bai rasa nauyi ba, rage shi aka yi. Da za a yanko dunƙule daga firam ɗinka, a yanko wani daidai girmansa daga na Baba, a ɗora a sikeli, kusan kunnen doki za su yi. Bambancin yana cikin kaurin bangon bututu. Keken ɗaukar kaya ana yinsa da ƙarfe na gama-gari, dole a ba bangon kauri, milimita 1.2 ko fiye, in ba haka ba ya lanƙwashe. Shi kuwa 531 ƙarfe ne da aka gauraya da manganis da molibdenam, wanda kamfanin Reynolds na birnin Bamingham a Ingila ya fitar a 1935. Yana jure ja da lanƙwasa fiye da na gama-gari nesa ba kusa ba, shi ya sa aka iya sirantar da bangonsa ya koma ƙasa da milimita ɗaya bai karye ba.

Sai dabara ta biyu, wadda ta girmi ta farkon. Tun 1897 Reynolds ya yi rajistar hanyar ƙera bututun da bakinsa biyu ke da kauri, tsakiyarsa kuma siririya. Daga waje ba za ka ga komai ba, faɗinsa ɗaya ne daga farko har ƙarshe. A ciki ne kaurin yake sauyawa. Hikimar ita ce wahalar firam a mahaɗa take taruwa, nan ne kuma wuta ke taɓawa lokacin haɗi, to sai a bar nama a can, a rarake tsakiya inda ba a buƙatarsa. Bututun Columbus SL na Italiya, misali, milimita 0.9 ne a baki, 0.6 a tsakiya, ya sake komawa 0.9. Ɗan'uwansa SP, da ake yi wa dogaye da masu jiki, 1.0 da 0.7 ne. Na 531 ma a wannan zangon yake. Ka lissafa da kanka: bututu mai faɗin milimita 28.6 da tsawon santimita 60, in bangonsa 1.2 ne, zai kai giram 490. Mai kaurin baki wajen giram 300. A bututu ɗaya ke nan. Shi ya sa firam mai kyau, ba tare da fok (ƙarfen da ke riƙe tayar gaba) ba, yake tsayawa wajen kilo 2, keken duka kuma wajen kilo 10.

Abin da mutane ba su cika ganewa ba shi ne, ƙarfe mai tsada bai fi mai araha ƙin lanƙwasuwa a ƙarƙashin ƙafa ba. Duk ƙarfen keke taurinsu ɗaya ta wannan fuskar. Faɗin bututu da kaurin bangonsa su ke sa firam ya tsaya ƙyam ko ya riƙa ɗan bayarwa. Wannan laushin da mahaya ke yabo a kan hanya mai gargada, daga sirantar bangon yake fitowa.

Game da sitika kuwa, kada ka ba ta gaskiya ita kaɗai. Ana buga sababbi ana sayarwa, kowa na iya mannawa. Ko ta asali ce ma, iri-iri ce: wadda lambar 531 ta kwanta a karkace galibi tana nufin duk bututun da fok da ƙafafun baya (siraran bututun da ke riƙe tayar baya) 531 ne masu kaurin baki, wata kuma manyan bututu uku kawai take nufi, wani lokacin ma masu kauri ɗaya daga baki zuwa baki.

Tambaya: To in sitikar ta goge ko an sake fenti, ta yaya zan gane firam na ƙwarai kafin in biya?
*Mai sayar da kekuna na hannu, Maraɗi*

Amsa: Alhaji, ka riƙe kalifa, wato ma'aunin faɗi, a aljihu, ka zare sandar sirdi ka auna faɗinta, sau da yawa ma an buga lambar a jikinta. Bututun sirdi na Ingila da Italiya da Japan faɗinsa ta waje milimita 28.6 ne, saboda haka duk yadda sandar ta yi kauri, haka bangon bututun ya sirance. Sanda mai 27.2 alamar bututu ne na sahun gaba. Mai 26.4 zuwa 26.8 matsakaici ne. Mai 25.4 ko 25.8 na gama-gari ne. Amma ku da kuke Nijar, in kun ci karo da kekunan Faransa irin su Peugeot da Motobécane da Gitane, ku kula: tsofaffin kekunan Faransa bututun sirdinsu 28 ne cif, don haka 26.4 ko 26.6 a jikinsu babban abu ne. Peugeot PX-10, wanda da 531 aka yi shi, yana cikin wannan sahun.

Daga nan ka dubi kunnuwan da aksil na baya ke zama a ciki. Masu kauri da aka ƙera, waɗanda sau da yawa ke ɗauke da suna kamar Campagnolo ko Simplex, ba a cika sa su a firam na banza ba. Na araha falle ne da aka datso daga faranti. Ka cire tayar gaba ka haska cikin sandar fok daga ƙasa: in ka ga wasu jijiyoyi a murɗe kamar igiya, alamar Columbus ce, ko da yake wasu bututun Japan ma sun kwaikwaya. Kuma kada ka raina na Japan ɗin. Tange da Ishiwata ba su gaza na Turai da komai ba, sunansu ne kawai bai yi tashe ba, wanda hakan riba ce ga mai saye.

Ƙwanƙwasa bututu da farce don a ji amo, wanda ake yawan yi a kasuwa, ba hujja ba ce. Fenti da wayoyin birki suna sauya ƙarar.

Tambaya: Firam ɗina ya tsage a gindin bututun ƙasa, kusa da gidan feda. Mai walda na unguwarmu ya ce minti biyar ya gama. In kai masa?
*Ɗalibi daga Kano*

Amsa: Kada ka kai, ɗan'uwa, in dai waldar lantarki ce irin ta ƙofa da taga. Wutarta narkar da ƙarfen take yi, a zafin da ya haura digiri 1,400, kuma bangon da bai kai milimita ɗaya ba kafin ƙiftawar ido ya ɓule. Ko bai ɓule ba, gefen waldar zai yi gautsi, bayan 'yan makonni sabuwar tsaga ta fito daidai inda waldar ta ƙare.

Waɗannan firam ɗin ba narkar da su aka yi aka haɗa ba. Ka dubi mahaɗar, za ka ga bututun ya shiga cikin wani soket na ƙarfe, kamar yadda masu aikin famfo ke haɗa fayif. Ana goge wurin tas, a shafa hodar liƙi, a gasa da wutar gas, sai a narka tagulla ta tsotsu cikin 'yar tazarar da ke tsakanin soket da bututu. Tagullar na narkewa wajen digiri 900, ƙarfen kuwa yana nan bai narke ba. Akwai kuma liƙin azurfa, mai gudana wajen digiri 650. Da shi kaɗai ake haɗa Reynolds 753, bututun da aka gasa a masana'anta don ƙarin ƙarfi, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970. Zafin tagulla kashe masa ƙarfi yake yi, har ta kai a wancan lokacin kamfanin ba ya sayar da shi sai ga maƙerin da ya ci jarrabawarsa. Irinsa ne ɗan tseren Holan Joop Zoetemelk ya hau a ƙungiyar TI-Raleigh ya lashe gasar Tour de France a 1980.

Gyara na gaskiya shi ne a gasa soket biyun, a zare bututun da ya tsage, a sa wani mai faɗi ɗaya. Ana iya yanko shi daga mataccen firam. In tsagar ƙarama ce kuma ba ta zagaye bututun ba, a huda ƙaramin rami na milimita 2 a kowane ƙarshenta don ta daina tafiya, a lulluɓe da facin ƙarfe a liƙe da tagulla. Wannan lallaɓawa ce, a riƙa dubawa. Wanda zai yi aikin mai waldar gas ne mai sanyin hannu, harshen wutarsa ƙarami, kada ya bar ƙarfen ya wuce ja ya koma ruwan lemo mai haske. In mai gyaran firij za ka kai wa, ka tambayi sandar da zai yi aiki da ita. Wadda suka saba liƙa fayif ɗin jan ƙarfe da ita tana da sinadarin fosforas, kuma a jikin baƙin ƙarfe liƙinta ɓallewa yake yi kamar gilas.

Tsaga a fok ko a wuyan keke ba a yi mata faci. A canza.

Tambaya: Sandar sirdina ta alminiyam ta ƙi motsi. Na zuba baƙin mai, na gasa da wuta, ko gezau.
*Mai gyaran keke, Kumasi*

Amsa: Maigida, wutar ce ta ƙara ɗaure ta. Alminiyam yana kumbura da zafi kusan ninki biyu na baƙin ƙarfe, to gashi matse ta yake yi a ciki. Abin da ya riƙe ta kuwa farar tsatsa ce da ke fitowa in alminiyam da ƙarfe suka daɗe manne da juna cikin danshi ba giris, kuma mai ba ya narkar da ita.

Ka juya keken, ka damƙe kan sandar a bais, wato matsewar ƙarfe ta kan tebur, ka kama firam ɗin ka riƙa murɗawa hagu da dama. Tsawonsa ne zai ba ka ƙarfi. Cusa ƙanƙara cikin sandar kafin murɗawa yana taimakawa. Kada ka buga da guduma, ƙasa za ta ƙara nutsewa, kada kuma ka buɗe kunnuwan maɗaurin sirdi da sukudireba, karyewa suke yi. In ta ƙi, ka yanke ta ka bar santimita 2 a waje, ka zura ruwan zarto a cikinta ka tsaga ta a tsaye wuri biyu, a hankali, kana dubawa kada haƙoran su ci bangon firam, sannan ka murƙushe ta ciki da filaya. Matakin ƙarshe shi ne sodar da masu sabulu ke aiki da ita: tana cinye alminiyam ta bar ƙarfe. Sai dai tana ƙona fata, tana makantarwa, tana lalata fenti, kuma iskar da take fitarwa na kama wuta. A waje ake yi, da safar hannu da tabarau, nesa da yara da murhu, kuma sodar ake zubawa cikin ruwa, ba ruwa a kanta ba.

In ta fito, sabuwar a shafe ta da giris, a riƙa zarewa ana sake shafawa sau ɗaya a shekara, gabanin damina. Tunda an buɗe, ka haska cikin bututun. Jar ƙura ba komai ba ce. Ɓawon tsatsa mai faɗowa shi ne abin tsoro, musamman a ƙafafun baya na ƙasa inda ruwa ke kwanciya. Duk inda fenti ya yi ƙuraje, ka danna da tsinin ƙusa; in ya lotsa, wurin ya mutu. In lafiya lau ne, ka zuba mai kamar cokali biyu a kowane bututu, ka jujjuya firam ɗin, ka bar shi ya tsiyaye kwana ɗaya.

Tambaya: Ina so in sa tayar zamani mai giya 8 a tsohon firam, amma ta ƙi shiga.
*Mai karatu daga Jos*

Amsa: Tazarar kunnuwan baya ce: milimita 120 a zamanin giya 5, 126 a zamanin 6 da 7, 130 daga 8 zuwa sama. Daga 126 zuwa 130 ana iya buɗawa da hannu a tura tayar. In kana so ya zauna, a buɗe kowane gefe milimita 2 da dogon katako, gefe ɗaya bayan ɗaya, kaɗan-kaɗan ana aunawa. Sai a ɗaura zare daga kunne ɗaya, ya zagaya wuyan keke ya dawo ɗaya kunnen, a auna tazarar zaren da bututun sirdi hagu da dama. In bambancin ya wuce milimita ɗaya, an karkace. A kuma daidaita kunnuwan su fuskanci juna, in ba haka ba aksil zai riƙa karyewa. Ba a yi wa 753 wannan aikin.

Tambaya: Zan iya sa wa keken tsere kariya ta ɗaukar kaya in riƙa ɗauko buhun masara daga gona?
*Manomi daga Funtuwa*

Amsa: A'a, Baba. Buhu aikin baƙin Raleigh ne, irin wanda har masana'antarsa aka yi a Kano, ko Phoenix. Kaurin bangonsu na wannan aikin ne. Keken tsere kilo 10 a baya ya ishe shi. Ko jakin tsayawa kada a ɗaura masa, domin matse notinsa kaɗai yana lotsa ƙafafun baya. In kuma an kawo maka irinsa na sayarwa, ka shafa ƙarƙashin bututun sama da na ƙasa, daf da wuya. In yatsanka ya ji ɗan tudu ko fenti ya tsattsage a zagaye, keken ya taɓa yin karo ta gaba, fok ɗin ma ka duba ko ya koma baya.