Amsa: In RTL-SDR ta mutu, wa zai gyara a Kano?

Malam, gyaran irin wannan rediyon da ake maƙalawa a kwamfuta da kamar wuya. Tsohuwar rediyon National ta babanmu, in ka kwance bayanta komai a fili yake, mai gyara a Sabon Gari zai canja kafasita da dalma kana tsaye. Ita wannan kuwa cif biyu, wato 'yan ƙananan ƙwaƙwalen lantarki, su ne ke duk aikin, ƙafafunsu sirara kamar gashi. Tawa tsawa ce ta bi eriya ta ƙona ta. Yaran Farm Centre, kasuwar waya, suna da injin iska mai zafi na cire cif, amma ina za su samo cif ɗin? Kafin ka yar, sake sa direbanta, wato manhajar da ke sa kwamfuta ta gane ta, ta hanyar wata manhaja mai suna Zadig, sau da yawa Windows ce ta manta da ita. Kuma in hadari ya haɗo, cire eriya.